Awon Gonar Auta

Ni na fara gani, tun kafin mai awon kansa ya san abin da ƙafarsa ta taka. Yanzu kowa a fadamar nan cewa yake dama ya yi zargi, har da waɗanda ranar suna kasuwa. Ƙarya suke yi. Ni kaɗai nake wurin, tsugune a bakin magudana ina yashe laka, ni da ambaliya ta ci gonata sau uku ba ta ci ni ba, maciji ya sare ni sau biyu a ƙafa ɗaya ya riga ni tafiya. Ban taɓa zama a aji ba, amma sawun mutum a laka ya fi mini takarda saurin karantuwa. Abin da ban gani da idona ba kuwa, Auta ne ya faɗa mini da bakinsa daga baya.

Auta da yayarsa gona ɗaya ubansu ya raba musu gida biyu tun yana da rai. Tudun ƙasa ne a tsakani, faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, a bakinsa kuma akwai wani baƙin kututture da tsohon ya hana a tone, ya ce shi ne shaidar da ba a saya da goro. Yaya ta girmi Auta da shekara goma sha huɗu. Ita ta goye shi lokacin da uwarsu ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Mijinta ma ya rasu, tana noma rabonta, tana turara shinkafa a gida tana sayarwa, da haka take riƙe da 'ya'ya huɗu.

Shekarar da masu lamuni suka zo, tsarinsu a fili yake. Manoma goma su haɗu su tsaya wa juna. Ba kuɗi ake ba ka ba, iri ne da taki da magani, gwargwadon girman gonarka. Girman kuwa ba da baki ake faɗa ba: ka shiga gaba, mai awo ya bi ka riƙe da waya, ku zagaye iyaka, wayar ta zana gonar ta rubuta ta da sunanka. Bayan girbi ka kai shanshera sito, wato shinkafa da ɓawonta, a ɗora a sikeli. Wanda ya kasa biya, ƙungiya ta karɓi gonar da aka zana da sunansa ta noma ta rani ɗaya ta cike giɓin, in ba haka ba duka goman babu mai samun komai a gaba.

Auta ya shiga ƙungiya. Yaya ta ƙi. Ta ce ta ji bashi hanji ne yana cikin kowa, amma nata cikin ƙarami ne, a bar ta ta ga yadda na wasu zai narke tukuna.

Ranar awo da hantsi, Auta yana gaba, mai awo yana biye, saurayi ne mai takalmi mai kyau, rabin hankalinsa a waya, rabi a kan laka. Suka bi gefen magudana. Da suka iso kututture, nan ake juyawa hagu a hau tudun iyaka. Ƙafar Auta ta tsaya kamar ta taka ƙaya. Tudun ya zaizaye da ruwan bara, ciyawa ta rufe shi, baƙo ba zai ce akwai wani abu a wurin ba. Auta ya rantse mini bai fito gida da niyya ba. Abin da ya faɗo masa a daidai lokacin shi ne rufin ɗakinsa, da kwanonin da matarsa ke jerawa a kan gado duk sanda hadari ya taso. Sai ƙafar ta ci gaba. Suka zagaye gonar Yaya kaf, suka dawo inda suka fara. Mai awo ya ce ashe babban manomi ne, ya miƙa masa wayar ya dangwala yatsa.

Da Auta ya ɗago kai, idonsa ya faɗa cikin nawa. Na ci gaba da yashe lakata.

Gonarsa ta gaskiya takin buhu biyar take ci, a biya da shanshera buhu goma sha biyu. Wadda wayar ta zana ta ci goma, biya ashirin da huɗu. Biyar ya kai gida a amalanke kowa yana gani. Sauran ko ƙofar gidansa ba su gani ba, daga bayan sito wani dillali ya kwashe su. Kwana biyu da haka na tarar da rabin buhun taki a jingine a zaurena, ba sallama ba saƙo. Ban tambayi wanda ya kawo ba. Mutum mai shekaruna ba ya tambayar kyauta asalinta, haka na gaya wa kaina, na zuba wa gonata.

Lissafin Auta bai yi kama da na mahaukaci ba. A shekara mai kyau gonarsa tana ba da talatin. Ya biya ashirin da huɗu, ya ci shida, ya lallaɓa zuwa rani, babu wanda ya ji babu wanda ya gani. Ya rufe ɗakinsa da sabon kwano mai ƙyalli, canjin da ya rage ya sayi wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Yaya ta zo ganin rufi, ta daɗe tana kallo da hannu a goshi, ta sa albarka, ta ce ashe ƙaninta ya iya tattali. Ya ce mata ɗan abin da ya daɗe yana tarawa ne. Ruwan da matarsa ta kawo musu, Yaya ce kaɗai ta sha.

Amma noma ba ya karanta lissafin kowa. Shinkafa tana fitar da kai ruwa ya taso ya kwanta mata kwana tara. Da aka yanka aka buga aka sheƙe, buhu goma sha tara Auta ya ɗinke. Ya kai goma sha biyar sito, ya ɓoye huɗu a ƙuryar ɗaki saboda bakin yara.

A jikin bangon sito akwai allo, sunan mutum da abin da ya rage masa kawai ake rubutawa da alli. Ɗaya bayan ɗaya aka goge sunaye, har ya rage layi ɗaya a tsakiyar baƙin allo: Auta, saura tara. Mutane suka ɗauka cikin goma sha biyu ne, wato uku kacal ya kai. Dogo, wani ɗan ƙungiyar da bakinsa ba ya da linzami, duk inda suka haɗu sai ya tambaye shi ko baburin nan shanshera yake sha maimakon mai. Auta yakan yi dariyar yaƙe ya ce nan da kwana kaɗan. Ya daina bi ta gaban sito, yana zagayawa ta bayan injin niƙa ko da hanyar ta fi tsawo.

Ana cikin haka Yaya ta zo gidansa da sassafe, da mayafinta na fita. Ta ce ta ga gonakin da suka sha taki sun fi jure ruwan nan, ta yanke shawara za ta shiga lamunin rani. Akwai wata ƙungiya da ke neman cikon mutum ɗaya. Yau za a auna mata gona, ita kuma ba ta san kan wayar nan ba, tana so ya raka ta kada a cuce ta.

Ya ce mata cikinsa yana ciwo. Ta ce tafiya maganin ciki ce. Ya ce babur ya ƙi tashi. Ta ce dama yaushe ya taɓa tashi, ƙafa fa? Haka ya bi ta a baya, yana ji kamar akuyar da ake ja zuwa mahauta.

Mai awon nan ne dai, sai shugaban ƙungiyar su Auta da aka kira shaida. Ni ma ina kusa, don ni kullum ina kusa. Yaya ta shiga gaba ta fara daga kututture, ta hau tudun iyaka tana tafiya a kansa kamar kan tabarmar ɗakinta. Ba su yi taku ashirin ba wayar ta yi ƙara. Mai awo ya tsaya, ya girgiza ta, ya koma baya ya sake, ta sake ƙara. Ya ce wannan ƙasa ai an riga an zana ta, akwai suna a kanta, akwai kuma bashi. Shugaba ya tambaya sunan wa. Saurayin ya duba waya, ya dubi Auta. Kallon ya isa amsa.

Auta ya ce mini a lokacin ya ji kukan kowane kwaɗo a fadamar. Yaya ta juyo ta dube shi, ba da fushi ba, irin duban da take masa yana yaro in ya dawo da riga a yage. Sannan ta gyara mayafi ta fuskanci mai awo.

"Af, tsufa. Ni na ba shi aro da damina, ɗana. Na sha'afa ne."

Mai awo ya yi ajiyar zuciya, don maganar ta fitar da shi ma. Amma ya bayyana mata abin da hakan ke nufi. Tunda da yardarta aka zana, gonar tana cikin jingina. Babu lamuni gare ta. In kuma Auta bai cika buhu tara ba zuwa taron ƙarshen wata, ƙungiya za ta noma dukan abin da wayar ta zana, nasa da nata, rani guda. Ya tambaye ta ko ta gane. Ta ce ta gane sarai, ta juya ta kama hanyar gida. Auta ya tsaya a kan tudu har suka ɓace, bai san ta wace gona zai sauka ba.

Kwana goma sha ɗaya suka rage. Ya tura babur kasuwa, aka taya shi kuɗin buhu ɗaya da rabi, mai sayen ma ya ce don ƙarfen ne. Ya je wurin dillalin da ya kwashi takin, mutumin ya yi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya ce shi saye yake yi ba ya ba da rance. Ya taɓa buhunan ƙuryar ɗaki, matarsa ta zauna a kansu ta ce sai dai ya ɗauka har da ita, ko ya kai ma huɗu ba tara ba ce. A nan ya faɗa mata gaskiya. Ta ɗaga kai ta dubi rufin, ta daɗe, sannan ta ce ashe duk daminar nan a ƙarƙashin gonar Yaya suke kwana.

Labari ya bazu cewa ƙungiya za ta samu gona biyu a kan buhu tara. Wasu har murna suke a ɓoye. An ga Dogo yana taka gonar Yaya yana ƙirga fangali, ƙananan yankunan da ake dasa shinkafa a ciki, yana cewa gefen magudana nasa ne.

Ana jibi taro, Auta ya tattara ƙarfin hali ya tafi gidan Yaya da azahar. Ya same ta a tsakar gida, rabin durom a kan murhu yana tururi, ta baza shinkafar da ta sauke a kan tamfol. Ya buɗe baki, ta miƙa masa manjagara ta ce ya juya can gefen da rana ba ta kai ba. Ya karɓa. Suka yi ta juyawa. Can ya lura da ƙwayar da ke ƙarƙashin manjagararsa, doguwa, mai ɗan jan baki. Ya durƙusa ya ɗiba a hannu. Irin ubansu ne, wanda Yaya ke zaɓa zangarniya zangarniya kowace shekara ta rataye a ɗaki, ba ta ci ba ta sayarwa ko ana yunwa. Shinkafar da aka turara kuwa ba ta ƙara tsirowa har abada.

"Yaya, iri ne fa wannan."

"Iri sai da gona," in ji ta. "Yara kuma sai da abinci. Juya."

Ya ce mata zai faɗi gaskiya a taro. Ta tsayar da tata manjagarar. Ta ce sunan ubansu ɗaya ne, in an kira shi maƙaryaci a bainar jama'a ita ma 'yar tsohon ce. Rani ɗaya ba ya kashe mutum, ta ga wanda ya fi shi. Abin da aka rufe a bar shi a rufe. Da zai tafi ta ƙulla masa mudu biyu a leda ta ce ya kai wa yara. Ya karɓa, don bai san yadda ake ƙin karɓa daga hannunta ba, ya ce ledar ta fi masa buhu nauyi.

A cikin sito aka yi taron, da la'asar. Maza a kan buhuna, mata daga bakin ƙofa, sikeli a tsakiya, allon nan a bango da layinsa ɗaya. Ni ba ɗan ƙungiya ba ne, amma babu taron da ake yi a fadamar nan ba a ba ni kujera ba. Mai awo ya karanta doka. Shugaba ya tambayi Auta ko ya zo da wani abu, ya ce buhu ɗaya da rabi. Dogo ya ce a tafa wa babur, ya yi ƙoƙari. Aka yi dariya. Shugaba ya ce to, saura bakwai da rabi, ƙungiya za ta shiga gona ranar Asabar, duka biyun, tunda mai ɗayar ta yarda a gabansa. Aka buɗe takarda, aka ajiye tawadar dangwale, aka kira Yaya ta fara.

Ta taso daga bakin ƙofa tana goge yatsa a gefen zane. Yatsan ne Auta ya kalla, duk ya tsattsage da zafin durom. Ya miƙe.

"Gonar Yaya ba ta cikin maganar nan. Ba ta ba ni aro ba. Ba ta ma sani ba sai ranar da wayar ta yi ƙara. A kututture ya kamata in juya, ban juya ba."

"Zauna, Auta," in ji Yaya, ba ta ko dube shi ba.

Bai zauna ba. Ya faɗi sauran, takin buhu biyar, dillali, kwano, babur, bai tsallake komai ba, sai abu ɗaya. Dogo ma sai tsinkar zaren buhu yake ta yi. Mai awo ya sunkuyar da kai, don doka ta ce a auna gona da shaida, shi kuma ranar sauri yake. Shugaba ya dubi jama'a ya tambaya, duk fadamar nan babu wanda ya ga sun wuce kututture?

Tari ya kama ni a lokacin. Tsufa ne. Kuma ai ba a kira sunana ba. Auta ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai, abu ɗayan da ya tsallake ke nan, rabin buhun zaurena.

Ba a jira gobe ba. Shugaba ya ce a tafi gona yanzu rana tana nan. Auta a gaba, mai awo a baya, bayansu kuma kusan mutum talatin, har da waɗanda suka fito don kallo kawai. Ya bi gefen magudana kansa a ƙasa. Da ya iso kututture ya juya hagu, ya hau tudun, ya bi shi har ƙarshe, ciyawa tana kama masa ƙafa, jama'a suna kallon bayansa. Wayar ta zana rabin abin da ta zana kafin damina. Aka goge sunansa daga kan gonar Yaya. Tasa gonar ƙungiya ta karɓe ta rani ɗaya, shi kuma aka cire shi daga lamuni shekara uku, aka karanta dalili da ƙarfi yadda dokar ta ce.

Kuna tsammanin Yaya ta rungume shi? Kwana ashirin ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ba don gonar ba. Ta aika wa matarsa cewa ita ba ta taɓa ƙarya a gaban maza ba sai saboda shi, shi kuma ya tashi ya kwance mata zane a kasuwa. Auta ya ce wannan ya fi masa karatun dokar ciwo.

An auna mata gonarta, ta samu lamuninta. Ranar dashe ta ɗauki 'yan ƙwadago takwas, da gari ya waye ta ga tara a layi. Na taran Auta ne, bai ɗago kai ba har rana ta faɗi. Da ta zo biya, ta bi layi tana ƙirga wa kowa a tafin hannu. Ta iso kansa ta tsaya. Ta ƙirga masa daidai da na kowa, ko ƙwandala ba ta ƙara ba.

"Gobe ka zo da wuri," in ji ta. "Layinka ya karkace."

Kwanon yana nan a kan ɗakinsa, matarsa ta ce ba za a jiƙa ta a kan laifin da ba ta yi ba. Shi dai har yau ta ƙofar baya yake shiga gida in rana tana haska kwanon. Tudun iyaka kuwa ya ɗaga shi da hannunsa har ya kai gwiwa, makaho ma ba zai wuce ba.

Saura maganar iri. A gefen gonar Yaya, daf da kututture, akwai fangali biyu da ba irin masu lamuni ba ne, doguwar ƙwaya ce mai jan baki. Ubansu ya ba ni mudu ɗaya shekara arba'in da suka wuce, ban da Yaya ni kaɗai na riƙe shi a fadamar nan, ambaliya uku ba ta raba ni da shi ba. Yadda aka yi tiya biyu ta irin ta kwana a zaurenta ba sallama ba saƙo, wannan ba ruwanku. Ba ta tambaya ba, ni ma ban faɗa ba, amma tun daga ranar in mun haɗu a hanya takan dube ni ta ɗan daɗe, ni kuma sai in tuna ina da aiki a magudana.

Wanda ya ce na ƙara gishiri, ya ɗauro takalminsa ya same ni gobe da hantsi. Zan shiga gaba, ya biyo ni, mu zagaye gonakin nan biyu, in nuna masa inda ƙafar Auta ta tsaya da inda na tsuguna. Ya tsinki zangarniya ɗaya daga fangalin nan ya kai kasuwa, in ya samu irinta a buhun wani, na yarda ya kira ni maƙaryaci a tsakiyar sito.